Shekarar da Na Zaɓi Baƙin Babur

Wannan babin ba don daɗin hira na sa a rubuta shi ba. Na sa ne saboda maganar da ke yawo tsakanin Ikara da Kudan, wai tsufa ya taɓa min kai, wai na yi wa mamaciya ƙarya a kan tsohon ƙarfe. Ni Tabawa ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ban iya zanawa ba, jikata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Amma abin da idona ya gani, fatar jikina ta ji, babu mai ilimin da zai gyara min shi. To ku 'ya'yana da jikokina, ku buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa.

Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, gyaran injin matse rake ne sana'arsa, irin wanda doki ke zagayawa yana juya shi, ruwan rake na tsiyaya a dafa mazarƙwaila. Duk fadamun da ke tsakanin Makarfi da Kudan babu inda ba a san ƙarar baburinsa ba. Babura biyu ya yi a rayuwarsa, kamfani ɗaya, suna ɗaya, shekarar fitowa ce kawai ta raba su. Na farko baƙi ne wuluk, ya saye shi a shekarar da aka mai da tuƙi hannun dama. Ƙato ne mai nauyin bijimi, irin na doguwar tafiya, kujerarsa doguwa shimfiɗaɗɗiya kamar benci, ga salansa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, in ya taso daga nesa sai ka rantse hadari ne ke gunguni. Ba ya tashi sai an taka shi da ƙafa, in ya ga dama kuma ya rama a ƙwaurin mutum. Na biyun ja ne, ya zo daga baya, lokacin ina goyon Hajara. Shi wannan ɗan gayu ne, maɓalli ake dannawa ya tashi, salansarsa ɗaya, kujerarsa gajera mai tudu a baya, ga shi ba ya shan mai. Da jan ya shigo gida kowa ya ce wa Malam ya rabu da baƙin. Ya ƙi. Ya jingine shi a ɗakin da ke jikin zaure ya lulluɓe da tsohuwar tabarma, duk wanda ya taya sai ya ce masa ai ba nasa ba ne shi kaɗai. Mutane suka ɗauka raha ce irin tasa.

Ku yaran yanzu kuma sai an yi muku bayanin Babba. Shi ne ɗana na fari, kuma a zamaninmu mace mai tarbiyya ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Ko nono zan ba shi sai tsofaffi sun yi da gaske, in ba shi fuskata na kallon bango. Da aka yaye shi aka kai shi Kudan wajen mahaifiyata, can ya zauna a hannunta da hannun yayata Asabe, can ya girma, can ya yi aure, yau ga shi da furfura yana noman rakensa. Ban ga aibun wannan ba a da, ban gani ba yanzu, haka uwata ta yi wa Asabe ina kallo. Sauran yarana Iya suke ce min. Shi kuwa yana yaro Yaya yake ce min kamar yadda ya ji ƙannena na faɗa, da na dawo daga Makka ya koma Hajiya, sai ka ce wata maƙwabciya. Nasiru autana kuwa, wannan na goya shi har ƙafarsa na neman jan ƙasa, kowa ya sani, ba na ɓoyewa.

Da aka zo rabon gadon Malam, baburan nan duk sun mutu, tayoyi sun zube, tsatsa ta ci. Babu wanda ya miƙa musu hannu, sai aka jefa su cikin tumunina aka wuce. Na rufe ɗakin, ban sake leƙawa ba. Sai a shekara ta biyu da rasuwarsa, bayan babbar sallah, wata rana da hantsi ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, na ji ana jan ƙarfe a zaure. Na yafa gyale na fito. Me zan gani? Ga baburan Malam duka biyu a tsakiyar rana, tsirara, babu tabarma, gizo-gizo na reto a madubi. Nasiru na tsaye yana haki, Bulus makanike na tsugune yana leƙa cikin baƙin. Bulus ɗin nan tun yana saurayi yake taɓa wa Malam babur, yanzu shi ma gemunsa ya yi fari. Ji na yi kamar na ga an tone kabari.

"Kai Nasiru, wa ya ba ka izinin buɗe ɗakin nan?"

"Iya, alheri ne. Gyara za mu yi. Yanzu duniya ta dawo kan irin waɗannan, na gani a waya, manyan mutane har taro suke yi su jera su suna ɗaukar hoto."

"Manyan mutanen ba su da aikin yi ne?"

"Ni dai so nake ƙarar baburin Baba ta sake fita a garin nan. Na kira Yaya Babba da Yaya Hajara, suna hanya."

Bulus ya cire hula ya gaishe ni, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafa, ya tambayi ƙarin haƙuri. Sai da muka gama tsaf sannan ya share hannu a tsumma ya ce:

"Mama, ba zan rufe ki ba. Kayansu sun ƙare a kasuwa, na cigita Zariya, na cigita Kano. Amma cikinsu kusan ɗaya ne. In ana so ɗaya ya tashi, sai an farke ɗaya an ciro masa kayan ciki."

"A farke?"

"Yanka shi ke nan, Mama. Wanda aka yanka kuma ya tafi, ba ya dawowa. Tun da naki ne, ke za ki nuna."

Na nemi bakin dakali na zauna. Ni da na yi zaton wanke su za a yi a mayar, ashe alƙalanci aka kira ni in yi, in ce wannan ya rayu wannan ya mutu.

Hajara ce ta fara isowa daga Makarfi. Ba ta tsaya kallon babur ba, ta ja hannuna zuwa madafi ta rage murya. Ta ce sun yi waya da yayanta, ya ce zai zo ne don kada a ce ya raina kiran ƙaninsa, amma wannan ce zuwansa ta ƙarshe Ikara sai fa in rasuwa aka yi. Ya ce wanda yake zuwa dominsa, wato ubansa, ya riga ya kwanta dama. Na ce mata ta sake faɗa. Ta sake. Na ɗauki ludayi na ajiye, na sake ɗauka, ban san me zan yi da shi ba. Ɗan da na haifa, yana raye ina raye, ya ce ba shi da kowa a gidan da nake numfashi. Ban yi kuka ba, ba a san ni da wannan ba, amma daga nan har aka kira azahar ban san abin da na zuba a tukunya ba.

Bayan salla aka shimfiɗa tabarma a zaure. Babba ya zo, ya durƙusa daga nesa ya ce Hajiya ina wuni, na amsa ina kallon gefe kamar yadda na saba. Ya zauna bakin ƙofa, hannunsa na hagu cikin aljihu. Haka yake zama tun yana yaro, saboda yatsu biyu babu a hannun. Nasiru kuwa ya miƙe kamar mai wa'azi a kasuwa, yana zagaya jan babur yana shafa tankinsa. Ya ce duk wanda ya san babur ya san na wannan shekarar shi ne gwani, a kansa kamfanin ya gama koyon aiki, abin da ya fito kafinsa gwaji ne, abin da ya biyo bayansa kwaikwayo. Ya ce ga sauƙin tashi, ga gudu, ga kyau. Ya ce a kansa Baba ya koya masa tuƙi, a kansa aka kai shi makaranta, a kansa aka raka Iya tashar mota da za ta tafi aikin hajji.

Hajara ta ce, "A kansa kuma ka faɗa kwatar gidan liman, ka manta wannan."

"Ke ba da ke nake ba. Bulus, don Allah gaya musu."

Bulus ya sosa ƙeya ya ce, "Kowanne da halinsa. Jan ya fi daɗin hannu. Baƙin ya fi ƙashi, a ɗora masa injin rake guda ya kai shi Kudan bai yi tari ba. Ni dai wanda aka ce in yanka shi zan yanka."

Sai Babba ya yi magana, a hankali, ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Ban ga abin ɓata lokaci a nan ba. Hajiya na autanta za ta zaɓa, kuma daidai ne. Uwa ai ɗanta take bi. Ni tawa uwar tana kwance a maƙabartar Kudan, wadda ta rungume ni a kan wancan baƙin ina zubar da jini. Tun da ba ta nan balle ta yi magana, a yanka shi kawai in kama hanya, rana na yi."

Asabe yake nufi. Ni kuwa ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi a baya. Na san haka ake faɗa a dangi, ni kaina na bari ana faɗa shekara da shekaru, amma ban taɓa jin abin daga bakinsa ba, ban kuma taɓa sanin a kan wannan ya gina duk zamansa da ni ba. Na dubi jan, na dubi fuskar Nasiru tana sheƙi, ya riga ya gama hawa a ransa. Na san abin da zan karya. Na ce:

"Bulus, ka yanka jan."

Nasiru ya yi dariya, ya ɗauka baki ne ya suɓuce. "Iya, baƙin kike nufi."

"Na ga ja, na ga baƙi, idona bai mutu ba tukuna. Jan za a yanka."

"Innalillahi! Iya! Wannan tsohon jakin? Wanda sai an yi dambe da shi kafin ya tashi? Me ya fi shi da shi?"

"Kujera da salansa."

"Kujera? Iya, kujera ai a gida ma akwai!"

Hajara ta kama haɓa tana kallona. Babba ma sai da ya ɗago kai. Na ga in ban yi yau ba, ba zan sake samun ranar yi ba, takalminsa na bakin ƙofa. Sai na yi abin da har gobe mata sa'o'ina ke salati in an tuna. Ni da ko likita sai an yi rigima kafin ya ga ƙafata, na miƙe ƙafafuna a kan tabarma, a gaban 'ya'yana maza, a gaban Bulus, na ja zanina har gwiwa. Bulus ya yi sauri ya juya baya. Hajara ta yi ƙara ta kawo gyale za ta rufe ni, na ture hannunta. A cikin kowane ƙwauri nawa akwai tabo, dogo, mai sulɓi, kamar tafin hannun yaro, ɗaya dama ɗaya hagu, a waje ɗaya daidai wa daida.

"Hajara, me aka ce miki ya yi min wannan?"

"Talge ne ya zubo miki, Iya, haka kika ce."

"Wane irin talge ne yake zuba a cikin ƙafa biyu, wuri ɗaya, ya bar saman ƙafa? Bulus, ba sai ka juyo ba. Mutum in ya hau jan nan ya ƙone, ƙafa nawa zai ƙone?"

Bulus yana kallon bango ya ce, "Ɗaya, Mama. Salansarsa ɗaya ce."

Daga nan na ba su labarin, kuma ga shi yadda na ba su. Lokacin matsar rake ne, na je Kudan suna, Malam ma yana garin yana duba injin mahaifina a bakin fadama. Babba bai wuce shekarun fara kiwon awaki ba. Da rana tsaka, muna tsakar gida ana rabon tuwo, muka ji ihu daga fadama. Yaro ya ɗauki kara zai tura wa inji kamar yadda ya ga manya na yi, doki na tafiya, ƙarfe ya haɗa da hannunsa. Kafin a tsayar da doki aikin gama ya gama. Aka shigo da shi a sume, jini na bin ƙasa. Mahaifiyata na ganinsa ta zube. Asabe ta tafi rafi ɗebo ruwan biki, ba ta nan. Matan da ke wurin kowa ta ɗora hannu a ka tana salati, babu mai matsowa. Malam ya riga ya tashi babur a ƙofar gida yana kiran a zo a riƙe masa yaro, shi ba zai iya tuƙi da riƙo ba. Abin da ake jira daga gare ni shi ne in shige ɗaki in ja labule, kada ma a ga hawayena, uwar ɗan fari ba ta da ido a irin wannan wuri. Wallahi har na juya zan shiga. Sai na ga hannun yana reto. Ban san sa'ad da na fizge mayafina na ɗaure shi tam ba, na sungume shi na fita kaina babu lulluɓi, a gaban maza cike da ƙofar gida. Mace a lokacin in za ta hau babur zaman gefe take yi, ƙafafu a haɗe. Da yaro a sume ba zai yiwu ba. Na tattare zani na raba ƙafa kamar namiji, na sa shi tsakanina da bayan ubansa, kujerar nan ta ɗauke mu mu uku ba wanda ya zame. Malam tun safe yake zirga-zirga a kan babur, salansa sun yi jawur. Ban nemi wurin taka ƙafa ba, ban ma san akwai shi ba, na matse ƙarfen da ƙwaurina don kada mu faɗi. Tun kafin mu fita gari na ji ƙaurin nama. Na san nawa ne. Ban sassauta ba har Makarfi, bakina a kan kunnensa ina kiran sunansa, sunan nan da ban taɓa faɗa ba kafin ranar, ban kuma sake faɗa ba bayanta.

Da muka isa wurin likita, ma'aikaciya ta karɓe shi ta tambaye ni ko ni ce uwarsa. A nan hankalina ya dawo, na ga kaina babu mayafi, mutane na kallona. Na ce a'a, ɗan yayata ne. Can da la'asar Asabe ta iso a motar kasuwa, na miƙa mata wurin na zame, Malam ya kai ni Ikara. Shi ya yi ta shafa min zuma a ƙafa a ɓoye har na warke. Asabe kuwa ita ta zauna da yaron har aka sallame su, ita ta wanke, ita ta ciyar, ita ta hana idonta barci, wannan babu mai ƙwace mata, Allah ya haskaka kabarinta. Dangi kuma, don su rufa min asiri kada a ce 'yar gidan ta zubar da kunya a bainar jama'a, suka haɗa baki aka ce Asabe ce ta kai shi. Alheri suka yi min a ganinsu, ni ma a lokacin haka na gani. Yaron da ya farfaɗo ya ga Asabe a kansa, me zai sa ya yi musu? Shi ya sa Malam yake cewa baƙin ba nasa ba ne shi kaɗai. A kan jan, da kujerarsa mai tudu, da mu uku ba mu zauna ba.

Na gama na sauke zanina. Na zaci za a yi kuka, ko a ce wani abu. Babba ya dube ni, karo na farko a rayuwarsa ido cikin ido, fuskarsa kamar ta wanda aka tasa daga barci da mari. Ya miƙe, ya sa takalminsa, ya fita. Ko sallama babu. Muka ji tashin motarsa. Nasiru ma ya shuri nasa takalmin ya bi ɗaya hanyar. Aka bar ni da Hajara da Bulus da babura biyu. Na ce a raina, Tabawa, kin tuɓe ƙafa a gaban maza, kin ɓata wa autanki, kuma wanda kika yi domin shi ya tafi.

Bulus ya ce, "Mama, in dakata tukuna?"

"Na ce ka yanka."

Makonnin da suka biyo baya ba na so in tuna su. Nasiru yana gida ɗaya da ni amma ya daina cin tuwona, in ya gaishe ni kamar ana cire masa haƙori. 'Ya'yan Asabe suka aiko min da saƙo daga Kudan cewa sun gode, na jira uwarsu ta mutu sannan na ƙwace mata ladanta. Wata ƙawata da muka yi 'yanmatanci tare ta zo takanas ta tambaye ni wai da gaske ne har gwiwa. Na ce har gwiwa. Ta tafi tana tafa hannu. Bulus kuwa ya baje buhu a zaure yana farke jan gaɓa-gaɓa, kullum in na wuce sai in ga ya ƙara ramewa, har ya koma ƙashi da tanki. Ba zan ɓoye ba, na ji zafinsa. Babur ne mai kirki, bai yi min laifin komai ba. Yanzu haka yana bayan rumbu, kaza na ƙwai a inda injinsa yake.

Daga Babba shiru, ko waya. Daga baya ne Hajara ta jiyo min abin da ya yi. Ashe da ya bar Ikara bai zarce gida ba, gidan tsohon da yake korar doki a ranar ya nufa, wanda yanzu idonsa ya tafi, yana kwance a soro. Ya tambaye shi wa ta hau bayan babur da shi. Tsohon ya yi ta kewaye-kewaye, har Babba ya haɗa shi da Allah. Sai ya ce Tabawa ce, kanta babu ɗankwali ma, mu duka muka sunkuyar da kai. To masu cewa na yi wa mamaciya ƙarya, tsohon yana nan da ransa, hanyar Kudan kuma ba a rufe ta ba.

Ranar da Bulus ya gama, da safe ne bayan an sha koko. Ya wanke baƙin ya goge, ya fito da shi ƙofar gida, maƙwabta suka taru. Nasiru ya fito yana cin magani, amma jinin babur ne a jikinsa, bai iya haƙuri ba. Ya hau ya taka, shiru. Ya sake takawa, ƙarfen ya dawo ya daki ƙwaurinsa, ya sauka yana ɗingishi yana cewa ai ya faɗa, ai ya faɗa. Ina daga cikin zaure ina leƙe. Sai na ga mutane na darewa. Babba ne, ban san wanda ya gaya masa ba, ko da yake Hajara ba ta iya riƙe magana. Ya naɗe hannun riga, ya fito da hannun nan na hagu a gaban jama'a ya kama kan babur, ya tashi tsaye ya sauke nauyinsa gaba ɗaya. Ƙarar da ta fito, jama'a, ita ce dai wadda na sani. Malam ne sak yake dawowa daga fadama. Wata tsohuwa a maƙwabta ta fito da gudu tana salati. Nasiru da ke riƙe da ƙwauri ya saki baki, sai ga shi yana dariya yana share ido.

Babba ya bar shi yana gunguni, ya tako har bakin zaure ya durƙusa, ba daga nesa ba.

"Iya, ki fito mu je Kudan. Akwai waɗanda za mu gaisar, ni zan yi musu bayani da bakina."

Na waiga in ga ko da wata yake. Babu kowa a zauren sai ni.

Na shiga na ɗauko babban mayafina. Nasiru ne da kansa ya kama ni ya ɗora ni, zaman gefe, kamar mutuniyar kirki. Sunan yankan Babba dai ban faɗa ba, kuma kada wanda ya sa rai zai gan shi a littafin nan, ni ba 'yar yau ba ce. Amma da ya sa giya na ɗora hannuna a kafaɗarsa, unguwa duk tana kallo, ban kuma ɗauke ba. Ya ɗan waiwayo ya ɗaga murya saboda ƙara.

"Iya, ki ɗage ƙafarki, salansar nan da zafi."

Na ce, "Ni za ka gaya wa? Ja mu je."